Likkafanin da Muka Haska Majigi a Kansa

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan fili na neman shawara. Ina gaishe ku daga Makka, da fatan kun yi Sallah lafiya, damina kuma ta yi albarka. Jaridarku ba ta iso mana nan sai a naɗe da daddawa ko kilishin alhazai, ni kuwa in na samu sai in warware ta, in goge maiƙon, in karanta har tallan magani. A nan na ga mutane suna kawo kukansu ba tare da suna ba, ana ba su amsa. Shi ya sa na liƙe wannan takarda na ba wani alhaji mai komawa ta jirgin sama, na ce masa ta gaisuwa ce. Ku yi haƙuri da rubutuna, mijina ne, Allah ya jiƙansa, ya koya mini boko da tsinke a ƙasa lokacin da muke tsinkar auduga a Sudan. Ban sa sunana ba, sunayen da zan ambata kuma na aro ne. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini. Na san kuna ganin kamar wanda ke kwana yana tashi kusa da Ka'aba ba ya saɓo. Muna yi.

Shekara tara ke nan da na shigo garin nan, ina da shekara ashirin da biyu. Mun yi shekara biyu a hanya ni da mijina, muka haye teku, kwana huɗu da saukarmu Jidda zazzaɓi ya ɗauke shi. Na biyo ayari na yi hajjina cikin takaba, aka watse, kowa ya kama gabansa, ni kuwa ba gaba ba baya. Na ƙare a can ƙasan Misfala inda takari 'yan uwanmu suke kafa bukkokin gwangwani da buhu, ina wanki ana ba ni abinci. A nan aka zo neman mai wanki a gidan wata baiwar Allah da zan kira Sitti, don kuwa haka ake kiran babbar uwar gida a nan. Kakanta Bakatsine ne da ya zo a ƙasa, amma ita haihuwar nan ce, Hausarta rabi Larabci. Mijinta muɗawwifi ne, wato mai jagorar alhazai, ya rasu ya bar mata bene hawa huɗu mai tagogin katako masu ƙananan huda, waɗanda ake kira roshan, kana ciki kana ganin kowa a titi ba mai ganinka. Lokacin tana da shekara arba'in da shida. Ta haife ni da ragowa.

Ranar farko ban ma taɓa sabulu ba. Ta dubi ƙafata ta ce, “Ya binti, 'yata, wannan faso haka, wa ya bar ki?” Ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ita da kanta ta shafa mini mai. Tun rasuwar mijina ba wanda ya tambaye ni ko na ƙoshi, ga mace mai awarwaron zinariya ta durƙusa tana riƙe da diddigena. Ku gaya mini, wace ce ba za ta yi kuka ba? Sati biyu ta ba ni riguna. Wata guda ta ce ɗakin ƙasa da sauro, in hau sama. Ta karɓi fasfona ta ce ɓarayi sun yi yawa, ta jefa a akwatin ƙarfenta, ta rataya makullin a wuyanta. Daga tsefe kai da tausa, abu ya zama abin da kuka sani, wanda a gida ake kira maɗigo. Na rubuta kalmar, don gara in faɗa da in yi ta kewaye-kewaye. Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta ɗaure ni ba, ba ta doke ni ba. Na so ta, so irin wanda in ta yi tari a wani ɗaki sai gabana ya faɗi. Hukuncin wannan na san shi, ba sai an aiko mini da wa'azi ba, yana tsakanina da Ubangijina kuma ina kuka a kansa. Ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda duniyata ta yi ta ƙanƙancewa. Matan da muka zauna tare a bukkoki suka zo gaishe ni sau biyu, ta ce 'yan gulma ne, kuma ƙwarƙwata za su kawo mana. Na daina sauka. In na amsa sallamar mai kawo ruwa da fara'a, sai ta yi kwana uku ba ta ce mini uffan ba, in bi ta ina ba da haƙuri a kan laifin da ban san shi ba, rana ta huɗu ta jawo hannuna ta zura mini awarwaro. In ranta ya ɓaci ta ce, “A bola na tsince ki.” In ya yi daɗi ta ce, “Ke ce idona.” Duka biyun na yarda da su. A gaban baƙi 'yarta ce ni. Ita ke zaɓar rigar da zan sa, ita ke cewa na ƙoshi. Ko Harami ba na zuwa sai hannuna yana cikin nata. Shekara bakwai ban kai ƙarshen lungunmu ni kaɗai ba, kuma da wani ya ce mini a tsare nake da na zage shi tas.

Ana cikin haka ɗanta da ke fatauci a Masar ya kawo mata majigi a ɓoye cikin akwatin kaya, da gwangwanaye uku na faifai, ya koya mata yadda ake ɗaurawa, don wutar lantarki ta riga ta shigo unguwarmu. A garin nan ba a yarda da irin wannan ba ko kusa, saboda haka sau ɗaya ake fito da shi a shekara. Ku da ba ku zo ba ba za ku sani ba, ranar Arfa da kwanakin Mina Makka takan zama garin mata. Duk namiji mai ƙafa ya bi alhazai neman lada ko neman abinci, lunguna su yi tsit. A irin kwanakin ne Sitti ke kiran ƙawayenta huɗu bayan azahar, a toshe roshan da barguna, a kafa farin zanin gado a bango, ta kunna da hannunta. Ba ta yarda kowa ya taɓa.

Labarin wasu Turawa ne. Wata babbar mace mai furfura a gefen kai, mai katafaren gida, ta ga wata matashiya da za ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana ɗinki a shago, ruwa ya jiƙa ta. Ta kai ta gida, ta ba ta riga, ta tsaya bayanta gaban madubi tana taje mata kai. Daga nan kallo ne da riƙe hannu, da rawa su biyu a falo, kowa a ɗakinmu ya san me ake nufi. Yaren da suke yi ba Larabci ba ne, ba mai ji, don haka Sitti ce ke fassara mana, ta yi muryar babbar, ta siranta ta yi ta ƙaramar. Shekarar farko na kifa kaina a gwiwarta ina hawaye, ina cewa ashe har a ƙasar Turawa akwai irinmu, ashe abin da nake ciki har sunansa ƙauna. Ban taɓa tambayar kaina a ina Sitti ta koyi yaren ba. Ban kuma tambayi dalilin da ya sa gwangwani biyu kawai ake haskawa, na ukun ya koma akwati a rufe ba.

Ba a daɗe ba ta fara sanyi da ni. Ta tsinci furfura ɗaya a kaina ta cire ta ɗaga ta a haske tana dariya, ta ce, “Kin tsufa, ya binti.” Ina da shekara ashirin da tara, ita tana hamsin da uku. Wata rana muna shan shayi ta ce, “Aiki ya yi miki yawa. Ki sauka wajen mutanenku ki nemo mana mai tsabta, wadda ba ta da kowa.” Wadda ba ta da kowa. Edita, na rantse da Allah na gane. Ba zan ce ban gane ba. Na sauka Misfala karo na farko ni kaɗai, iska tana dukan fuskata ina jin kamar in yi gudu, na bi bukka bukka har na samo Dije. Shekararta ashirin da uku, mutuniyar wajen Gumel, mijinta ya tafi Madina neman aiki ya aiko mata da saki a bakin wani. Tana dafa gyaɗa tana sayarwa. Na ce mata, “Ƙanwata, ga gidan mutunci, ci da sha da sutura.” Ta ce, “Yaya, Allah ya saka miki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini.” Ni na ɗaukar mata ƙullin kayanta har ƙofa. A hanya take nuna mini gefen zaninta, ƙulli uku na shuɗin zare, ta ce innarta ba ta barin komai ya fita daga hannunta sai ta yi masa wannan alama.

Me na samu? Ɗaki a saman soro ni kaɗai, da makullin ƙofar gida, da izinin yin sana'a. Alhazai suna da al'ada, kowa yakan so a jiƙa masa likkafaninsa da ruwan Zamzam, a shanya ya bushe, ya koma da shi gida ya ajiye don ranar da ba makawa. Wannan na kama. Masu ɗibar ruwa su kawo mini a salka, in jiƙa, in shanya a soro, in ninke, kowane da alamar mai shi. Ina fita, ina shiga kasuwa, ina hira da mutane. In na sauko na wuce ta hawa na biyu sai in ji Sitti tana cewa, “Wannan faso haka, wa ya bar ki?” In ƙara sauri. Na ga ranar da fasfon Dije ya shiga akwatin ƙarfe. Na ga ranar da ta daina leƙa ƙasa. Na ga kwana ukun shiru na farko, Dije ta hau soro idonta jawur tana tambayata, “Yaya, me na yi mata?” Na ce, “Ki ba ta haƙuri kawai, haka take, tana son ki ne.” Da bakina na faɗa.

To, ga abin da ya faru bana. Saura kwana huɗu Arfa aka yi sallama a ƙofa, na sauka na tarar da wani mutum dogo, siriri, mai kimanin shekara talatin da biyar, ƙafarsa duk ta fashe. Ya ce an kwatanta masa mai jiƙa likkafani. Ya kwance ƙunshinsa, ba akoko ba ne irin na kasuwa da kowa ke kawowa, farin saƙi ne na gida, ƙwarya ƙwarya, wato ziri ziri, aka ɗinke. Ina karɓa yatsana ya sauka a kan ƙulli uku na shuɗin zare. Na danne su da tafin hannuna. Ya ce, “Baiwar Allah, innarmu ce ta kaɗa audugarsa da hannunta. Amma ba hajji kaɗai ya kawo ni ba. Ƙanwata nake nema, an ce mijinta ya sake ta a garin nan shekara biyu da suka wuce. Na bi bukkokin can, wata tsohuwa ta ce wata mata ce ta zo ta tafi da ita aikatau, ba ta san gidan ba. Ke da kike hulɗa da jama'a, ko kin taɓa jin labarinta?” Ya faɗi sunanta na gaskiya da sunan ubansu. A lokacin Dije tana hawa biyu a saman kansa tana tankaɗe.

Na ɗaga kai na dubi roshan. Ban ga komai ba, ai ba a gani. Amma na ji ƙamshin turaren Sitti, ko kuwa tsorona ne ya ƙirƙiro shi? Na ce, “Malam, ban san ta ba. Masu irin wannan suna da yawa, wasu sun wuce Madina, wasu Ɗa'ifa.” Ya goge fuskarsa da hannun riga. Ya ce, “To, ki riƙe mini wannan amana. Bayan hajji zan bi Madina a ƙasa in duba, in dawo nan a watan Rajab. In na same ta, alhamdu lillahi. In ban samu ba sai in karɓi kayana in koma in ce wa inna ta yi haƙuri, a yi mata sadaka. Tsohuwar ba ta gani sosai yanzu, amma kullum sai ta sa an share ɗakin yarinyar.” Har godiya ya yi mini.

Me ya sa na yi ƙarya? Na juya wannan tambaya har ta gaji da ni. Da na ce don in rufa wa Dije asiri ne, kada wanta ya shiga ya gane irin zaman da take yi. Wannan ƙarya ce ta biyu. Gaskiyar ita ce, in Dije ta tafi, wa zai koma hawa na biyu? Wa za a karɓe wa makulli? Na ɗanɗana fita, na san daɗin tsayawa a kasuwa in taya tumatir ba mai jirana da fushi. Na sayar da 'yar mutane na sayi iska, ranar da aka zo fansarta kuma na ce ba ta nan. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ban kunya. Ina rufe ƙofa na tsinci kaina ina fata Sitti ta ji, ta san har yanzu ni tata ce.

Rana ta biyu ta Mina aka shirya majigi. Na ɗauko zanin gadon da muka saba, Sitti ta ce ya yi ja, ba ta so. Matar da gwiwa ta hana ta hawa soro shekara biyu, ranar sai ga ta tana hawa tana nishi, tana dafa bango. Likkafani goma sha wani abu a shanye, duk akoko mai santsi, ta wuce su ɗaya bayan ɗaya ta tsaya a kan saƙin nan. Na ce, “Sitti, wannan amanar mutane ce, an riga an jiƙa shi da Zamzam, kuma duk ɗinki ne, hoton ba zai fito da kyau ba.” Ta ce, “Wannan nake so. Ko akwai wani dalili, ya binti?” Ta zuba mini ido. Na ce babu. Ni na sauko da shi, ni na kafa shi da ƙusa huɗu, na yi dabara na lanƙwasa gefen mai ƙulli ta baya. Ku duba girman abin, tufar da bawan Allah zai sadu da Ubangijinsa a ciki, ita muka haska rawar Turawa a kai.

Na zauna a baya kusa da ƙofa da tiren shayi, Dije tana gaba, kanta a gwiwar Sitti, daidai inda nawa yake a da. Zafi kamar a tanda, ɗinkin saƙin ya ratsa fuskokin Turawan layi layi. Daga bayan nan sai na ga wani labari dabam, alhali faifan bai canja ba. Na ga lokacin da babbar ta karɓi jakar yarinyar ta sa a kabad ta murɗa makulli. Na ga wata ƙawar yarinyar ta zo ƙofa an sallame ta. Na ga babbar ta juya baya ta ƙi magana, yarinyar tana binta ɗaki ɗaki, sannan aka ɗaura mata sarƙa a wuya. Duk wannan yana nan tun shekarar farko, ina idona yake? Sannan akwai wata mata da ban taɓa lura da ita ba, mai baƙar riga, ba yarinya ba ba tsohuwa ba, ita ke buɗe ƙofa, ita ke kawo shayi, ita ta sallami ƙawar. Duk sanda aka taje wa yarinyar kai tana tsaye a gefen madubi tana kallon ƙasa. Na dubi tiren da ke hannuna na ajiye shi.

Fassarar ma ta canja. Na riƙe ta shekarar farko sarai, a wajen madubi yarinyar cewa ta yi, “Mijina ya mutu, ke ce gatana.” Bana a daidai wurin sai Sitti ta siranta murya ta ce, “Ba ni da wa, ba ni da uwa, ko sun zo ba zan bi su ba.” Ashe duk shekarun nan ba fassara take ba, saka mana magana take a baki. Ƙawayenta suna ta “ya salam”. Ana cikin gwangwani na biyu ƙusa ɗaya ta ƙasa ta zame, gefen da na lanƙwasa ya saki, ƙullin nan uku suka fito cikin haske suna lilo. Na ga kan Dije ya ɗago daga gwiwar. Bai koma ba har aka gama.

Tun ranar ban san wanda zan yarda da shi a gidan nan ba. Sitti ta ji maganarmu a ƙofa, ko kuwa tsautsayi ne ya kai hannunta kan saƙin? In ta ji, me take nufi? Ta gwada ni ne, ko ta nuna mini cewa yanzu hannuna ya yi dumu-dumu ba ni da bakin magana? Ko so take Dije ta gani, ta san an zo nemanta kuma ba ta isa ta motsa ba? Da nake cire ƙusoshin ta dafa kafaɗata ta ce, “Kina da riƙon amana, ya binti, shi ya sa ban taɓa tunanin karɓar makullin nan ba.” Yabo ne wannan ko gargaɗi? Kwana biyu bayan haka ta aiko mini da awarwaro, abin da ta yi shekara biyu ba ta yi ba. Ban sa shi ba, yana ƙarƙashin tabarma.

Da za a mai da kayan akwati na ɓoye gwangwani na uku a cikin wanki na hau da shi soro. Na buɗe, na jawo zirin na ɗaga shi a rana. 'Yan hotuna ne ƙanana kamar farce, ɗaruruwa, kusan iri ɗaya. Na ga yarinyar da jaka a hannu a bakin ƙofa, mai baƙar rigar tana riƙe da ƙyauren. Na yi ta ja ina dubawa har idona ya yi ruwa, amma ban san ta inda faifan ya faro ba, don haka ban iya gane ko fita take ko dawowa ba. Na naɗe na mayar kafin a lura.

Dije kuwa ba ta ce komai ba har sati uku. Tana gaishe ni kamar kullum, tana dariya in Sitti ta yi wasa. Na fara ce wa kaina wataƙila ba ta gani ba. Na ma ce wataƙila ta gani ba ta so, ai ni ma a shekarata ta biyu da an zo ɗaukata da na ɓuya a bayan Sitti. Wa ya san cikin wani? Alhazai suka karɓi kayansu suka watse, saƙin nan kaɗai ya rage, na sake jiƙa shi da Zamzam har sau uku don kunyar abin da muka yi da shi, na sa a ƙasan akwatina. Shekaranjiya da hantsi na dawo daga kasuwa, Sitti tana barcin da maganin gwiwa ke sa ta, na hau soro na tarar da Dije a ɗakina zaune a tabarma, likkafanin a cinyarta, da allura a hannu.

Na tsaya a bakin ƙofa kwandon cefane yana hannuna. Ta ce, “Yaya, na wane ne wannan?” Na ce, “Na wani Basudane ne, ya manta da shi.” Ta ce, “To.” Ta ciji zaren ta yanke, ta shafa wurin da babban yatsa, ta ninke shi yadda nake ninkewa, ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Ƙulli ɗaya ne ya warware wajen ƙusa. In Basudanen ya dawo, ki ce masa an gyara, da zaren gefen zanina.” Ta kai matakala ta juyo ta ce, “Ni ba na sauka ƙasa, Yaya, kin sani. Ke ce mai ƙofa.”

Yanzu ƙullin nan biyu tsofaffi ne, ɗaya sabo, kuma duk wanda ya tashi a ɗakin innar Dije kallo ɗaya zai yi masa ya gane hannun gidansu. In na miƙa wa wanta a haka, na faɗa ke nan ko ban buɗe baki ba. In na warware sabon ƙullin na ba shi, zai tafi ya ce wa makauniyar uwa 'yarta ta mutu, a raba waina, a daina share ɗakin. In na faɗa masa gaskiya, fasfonta yana akwatin da makullinsa ke wuyan Sitti, kuma in rigima ta tashi aka tona zaman gidan nan, ba Sitti za a fara kamawa ba, mu takari marasa takarda za a fara. Ko an rabu lafiya ma, na san inda zan kwana daga ranar, da wanda zai zaɓar mini riga.

Edita, akwai masu zuwa umara kafin Rajab, don Allah a buga amsar da wuri, ko a naɗe da daddawa ne za ta same ni. Ni na kai yarinyar nan ƙofar da hannuna, makullin ƙofar kuma yana ɗaure a bakin zanina ina jin sanyinsa yanzu haka da nake rubutu. Mutumin nan zai yi sallama, ni zan sauka. Jama'a, me zan yi?